Nasiha ga Samari game da Turaren Fata na Lokacin Hunturu

Ya ku samari! Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, aka fiddo barguna da rigunan sanyi daga ƙasan akwati, wani irin ƙamshi ya yawaita a jikinku a masallatai da ofisoshi da wuraren ɗaurin aure, ƙamshi mai nauyi wanda farkon bugunsa ga hanci zaƙi ne irin na nunannen ɗan itace, amma da an jima kaɗan sai zaƙin ya ja da baya, ya bar wa mutum ƙamshin jemammiyar fata da ɗan ƙaurin hayaƙi. Masu sayarwa suna gaya muku cewa wannan shi ne turaren maza na lokacin sanyi, kuma ba su yi ƙarya ba. Sai dai tun da yake mai talla ba ya faɗin abin da zai rage masa ciniki, ya zama wajibi a kan wanda ya riga ku jin ƙamshin duniya da warinta ya cike muku ragowar bayanin, domin wanda ya san asalin abu da yadda yake aiki ya fi kusa da ajiye shi a muhallinsa.

Kada wani ya zaci na ɗauki alƙalami ne don in hana ku shafa turare. Haihata haihata! Turare yana cikin abubuwan da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya so, ya inganta cewa ba ya mayar da shi idan an ba shi kyauta, kuma malaman fiƙihu sun lissafa shi cikin mustahabban ranar Juma'a da ranakun Idi, tare da wanka da asawaki da kyautata tufafi. An kuma ruwaito bambanci tsakanin turaren namiji da na mace, cewa na namiji shi ne wanda ƙamshinsa ke bayyana launinsa ya ɓoyu. Haka nan ilimin haɗa turare ba baƙo ba ne ga Musulmi, gama tun a ƙarni na 9 Alkindi, masanin falsafar nan na Bagadaza, ya wallafa littafi sukutum a kan haɗa ƙamshi da tatso shi, wanda ya ƙunshi hanyoyi fiye da 100. Kakanninmu ma sun san almiski da jibda da ambar da sandal, iyayenmu mata sun san humra da turaren wuta, kuma da wuya a sami gidan da bai taɓa ganin 'yar kwalbar Bint el Sudan ba, wadda wani kamfanin Ingila ya fara haɗawa a 1920. Maganata a kan gwargwado ce, da lokaci, da haƙƙin wanda yake zaune kusa da ku.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne, babu fata ko ƙanƙanuwa a cikin wannan kwalba. Fata ita kanta, kafin ta zama abin sha'awa, abin toshe hanci ce, kuma duk wanda ya taɓa ratsawa ta majema da hantsi ya san haka. Za ka tarar da majemi ya naɗe wando har gwiwa, ya tsoma fatun awaki a ramin ruwan toka har gashinsu ya saki, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan gungume yana kankare saura da wuƙa mai kai biyu, sa'an nan ya jiƙa su a ruwan dakakkiyar bagaruwa har su sha su yi ja-ja, ya shanya, ya shafe su da mai, ya yi ta bugu da murza har su yi laushi. Kuma a duk tsawon wannan aiki ɗoyin wurin yana bin tufafinsa har gida. Abin da muke kira ƙamshin fata, wanda yake tashi idan ka buɗe sabuwar gafaka ko ka shiga rumfar baduku, ƙamshin abubuwan da aka jeme ta da su ne da man da aka shafa mata, sun haɗu da ita sun zama abu guda.

Daga wannan ɗoyi ne sana'ar turaren Faransa ta samu gindin zama. A kudancin ƙasar akwai wani gari da ake kira Giras, wanda a yau ake ɗaukarsa cibiyar turaren duniya, alhali kuwa asalinsa garin majema ne. A ƙarni na 16 da na 17, lokacin da safar hannu ta fata ta zama adon sarakai da fadawa a Turai, sai manyan mutane suka riƙa ƙyamar warin da ke tashi daga hannuwansu, majeman garin kuwa, da yake Allah ya hore wa ƙasarsu furanni masu ƙamshi, suka koyi jiƙa fatun da man furanni kafin su ɗinka, har aka kafa ƙungiyar sana'a ta masu safar hannu da turare a haɗe. Da kasuwar safar ta faɗi daga baya, sai jima ta mutu a garin, turaren ya rayu. A can Rasha kuma majema suna shafe fata da wani baƙin mai mai kauri da suke tatsowa ta hanyar ƙona ɓawon wata bishiya mai farin jiki da ta cika dazukansu, domin ya hana ruwa shiga takalman sojoji da sirdunan dawaki, kuma ƙaurin hayaƙin wannan mai shi ne hancin Turawa ya riƙe a matsayin ƙamshin fata na mazaje. Masu haɗa turare suna ƙara masa da wani ƙaro mai danƙo na wani ɗan tsiro da ke fitowa a tsibiran Bahar Rum, wanda a zamanin da makiyaya kan tsefe shi daga gemun awakinsu bayan sun dawo daga kiwo.

A nan ba zan iya wucewa ban faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba. Shekaru aru-aru fatun jajayen awakin Sakkwato, waɗanda aka jeme a ƙasar Hausa aka rina su da karan dafi, suna ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa gaɓar teku, daga can su shiga Turai, inda ake yi wa manyan littattafai bango da su ana kiransu fatar Maroko, don kawai ta hannun fataken Arewacin Afirka suka isa. Ga shi yau jikan majemin, wanda yake jin kunyar a ce gidansu na jima ne, ya tara albashin wata guda ya sayi kwalbar da aka kwaikwayi ƙamshin sana'ar kakansa a cikinta. Ban ce kada ya saya ba. Na dai ce idan ya wuce ta Ƙofar Wambai a Kano ya ga dattijo yana yankan fata, ya gaishe shi da ladabi.

Turaren fata irin na zamani ya bunƙasa ne bayan yaƙin duniya na farko. Wani gidan ɗinkin tufafin maza a birnin Biyana ya fitar da Knize Ten a cikin shekarun 1920, gidan Chanel ya fitar da Cuir de Russie a cikin waɗannan shekarun, sa'an nan a 1944 wata gwanar haɗa turare, Germaine Cellier, ta haɗa Bandit, inda ta zuba wani sinadari na ɗakin bincike mai ɗacin ƙamshi fiye da yadda aka saba. Duk waɗannan turaruka ne masu kaifi da bushewa, irin na dattawa masu ji da kansu. Wanda ya buɗe ƙofar abin da kuke shafawa a yau shi ne Tuscan Leather na Tom Ford, wanda ya fito a 2007, inda aka ɗora zaƙin wani ƙaramin jan ɗan itace na ƙasashen sanyi da ake kira rasberi, tare da za'afaran da lubban da yasmin, a kan baƙar fata mai hayaƙi. Kuma da ya karɓu, sai kamfanonin Dubai da wasunsu suka yi ta fitar da makamantansa a farashi mai sauƙi, har ya zamana da yawa daga kwalaben irin wannan turare da ke rumfunan kasuwanninmu jikokinsa ne, ko da kuwa mai rumfar bai taɓa jin sunansa ba. Hikimar haɗin ita ce, fata ita kaɗai tana da kaushi da ɗaci, ɗan itace shi kaɗai yana da zaƙin da bai dace da namiji kamili ba, amma idan aka gama su sai kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

To, me ya sa aka ce na sanyi ne? Ku sani cewa turare ba ya isa ga hanci sai ya tashi daga jiki ya bi iska, kuma zafi ne ke tayar da shi. Abubuwan da aka haɗa a kwalba ba nauyinsu ɗaya ba: masu sauƙi, irin su ƙamshin 'ya'yan itace, su ne ke fara tashi su ƙare cikin 'yan mintoci ko sa'a guda, masu matsakaicin nauyi, irin su furanni da kayan yaji, su biyo baya, masu nauyi kuwa, wato fata da ƙaro da itace da almiski, su ne ke kama jiki su wuni, wani lokaci har su kwana a riga. Idan gari ya yi sanyi tashin yana tafiya a hankali, saboda haka turare marar nauyi sai ya yi shiru kamar ba a shafa ba, mai nauyi kuwa ya riƙa fita kaɗan-kaɗan cikin natsuwa, ya ba da ɗumi ga mai shi da na kusa da shi. Idan kuwa zafi ya tsananta, gumi ya keto, sai duk abin da aka tsara ya fita cikin sa'o'i goma ya taso gaba ɗaya, zaƙin ya yi yawa har ya gundura, fatar ta koma ƙauri, abin da aka saya don a burge jama'a ya zama abin da ke hawa musu kai.

Ga kuma wurin da yawancinku suke tuntuɓe. Sanyin da masu haɗa wannan turare suke nufi sanyin ƙasarsu ne, inda ruwa ke daskarewa a kan titi, rana ta wuni ba ta da ƙarfi, mutum ya fita cikin riga uku da babban kwat wanda ke danne ƙamshin. Hunturunmu kuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, mai fuska biyu ne: da asuba a Kano ko Zariya ko Damagaram ma'auni kan sauka kusa da digiri 12, a tudun Jos ma ya fi haka sauka, amma kafin azahar ya haura kusa da 30. Ashe ke nan wanda ya yi wa kansa feshi shida da ƙarfe bakwai na safe yana rawar ɗari, ya manta cewa da wannan jikin zai shiga ajin da ya cika ko motar haya da ƙarfe ɗaya na rana. A ganina lokacin wannan turare a ƙasarmu shi ne daga la'asar sakaliya zuwa dare, da kuma safiyar ranakun da hazo ya toshe rana ta kasa fitowa. Wanda kuwa aikinsa na cikin rana ne, ko na cikin cunkoso, ya nemi wani mai sauƙi.

Babbar musibar turare, wadda ta sa mutumin kirki yake cutar da jama'a bai sani ba, ita ce hancin mai shi yana gajiya da shi. Allah ya halicci hanci ne don ya faɗakar da mutum sabon abu, saboda haka duk ƙamshin da ya zauna tare da shi, bayan ɗan lokaci kaɗan sai ya daina kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa. Sai ka ga saurayi ya fesa a gida, kafin ya isa bakin titi ya shinshina wuyan rigarsa ya ji shiru, ya ce ai turaren nan ba ya kama jiki, ya zaro kwalba daga aljihu ya ƙara, alhali mutanen da ke bayansa da taku goma suna jin sa. Ku dubi sahun sallar isha'i a daren sanyi, an rufe tagogi da ƙofofi saboda iska, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, ga wani tsoho mai ciwon fuka wanda ƙurar hunturu ta riga ta tsaya masa a ƙirji, ya kabbara, sai ga saurayi ya shigo ya tsaya a damansa da ƙamshi kamar an fasa kwalbar a kansa. Tsohon ya yi ta danne tari da gefen rawani tun daga Fatiha har sallama, ba ya iya matsawa, kunya kuma ta hana shi magana, shi kuwa saurayin ya fita yana ganin ya raya sunna. Shari'a ta hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci, kuma illar hanin, kamar yadda malamai suka bayyana, ita ce cutar da masu salla. Duk wanda ya fahimci illa ba zai kasa gane cewa ƙamshin da ya wuce haddi har ya hana wani khushu'i ya shiga ƙarƙashin ma'anarta ba, ko da kuwa da tsada aka saye shi.

Saboda haka ga abin da nake ba ku shawara. A fara da wanka da tsabtataccen tufafi, gama turare a kan dauɗa wari biyu ne. Da yake hunturu yana busar da fata, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe ƙamshi, a shafa ɗan man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi tukuna, sa'an nan a yi feshi biyu, ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a bayan wuya. Wanda zai kwana a fili wajen taro ya ƙara na uku, daga nan kuma ya tsaya, daidai ruwa daidai tsaki. In irin na mai ne wanda ake ɗigawa, a kiyaye shi daga farar shadda, domin yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa. Wanda yake shakkar ko ya yi yawa, ya tambayi mahaifiyarsa ko ƙanwarsa, su ne ba za su yi masa kara ba. Idan za a je duba marar lafiya, ko gidan da aka yi haihuwa, ko zaman makoki, ko doguwar tafiya a mota rufaffiya, a bar shi a gida.

Sai maganar saye, wadda a cikinta ne ake yi wa samari sakiyar da ba ruwa. Mai turare gwani ne: zai kama bayan hannunka ya ɗiga, ya ce shinshina ka ji, Alhaji, kai kuwa abin da ka ji a wannan minti shi ne zaƙin ɗan itacen nan wanda ba zai kai ka gida ba, alhali abin da za ka zauna da shi har dare, wato fatar da hayaƙin, bai ma farka ba tukuna. Kada ku biya a tsaye. Ku bar shi a hannu, ku tafi harkokinku, ku sake shinshinawa bayan sa'a uku ko huɗu, domin turare ɗaya yakan yi daɗi a jikin wani ya yi tsami a jikin wani. In ya yi muku, ku koma gobe, kasuwa ba ta gudu. Ku yi hattara da jabu, wanda alamarsa ita ce arahar da hankali ba ya ɗauka, da rubutun kwali mai kurakurai, da ƙamshin da ke bugun hanci da kaifi sa'an nan ya ɓace. Ba a san abin da aka zuba a ciki ba, kuma wasu sukan sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Gara kwaikwayo na halal wanda ya fito da sunan kamfaninsa a fili da jabun da ya saci sunan wani.

Ku kuma yi lissafi kafin sha'awa ta yi muku shi. Feshi ɗaya kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na mililita, ke nan kwalba mai mililita 100 tana ɗauke da feshi wajen 1000. Wanda yake yin biyu kullum a cikin watanni huɗu na sanyi bai kai 250 ba, ashe kwalba ɗaya za ta ga hunturu huɗu. Mene ne amfanin jera biyar a kan tebur, in ba don abokai su gani ba? Wannan shi ne israfi, kuma idan aka haɗa shi da son a ce wane ya shafa na dubu kaza, ya zama riya da alfahari, cututtukan zuciya biyu waɗanda babu attarin da ke da maganinsu. Ɗalibi ko mai ƙaramin albashi ya sayi 'yar kwalba mai mililita 10 daga amintaccen mai sayarwa, ta ishe shi. Wanda kuwa ya ci bashi don turare, ko ya hana iyayensa cefane don shi, ya sani cewa mai binsa bashin yana jin ƙamshin kuɗinsa duk lokacin da suka haɗu a hanya.

Akwai masu tambaya game da sinadarin alkohol da ake narkar da turaren feshi a cikinsa, ko yana hana salla. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, wasu suna ganin najasarsa bisa ƙiyasi da giya, wasu da yawa daga malaman zamani suna ganin tsarkinsa. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ga na mai nan birjik a kasuwa, kuma kada ɗayan ɓangarorin ya aibata ɗaya. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin turare ga wanda ya ɗaura harami, da kuma cewa niyya tana bin ƙamshi kamar yadda take bin kowane aiki, wanda ya shafa don girmama Juma'a da kyautata wa iyalinsa ba daidai yake da wanda ya shafa don ya tsaya a bakin lungu yana jan hankalin 'ya'yan mutane ba.

Idan kuma Maris ya kama, iska ta kwanta, bazara ta sako zafinta har ma'auni ya riƙa taɓa 40, ina roƙonku don Allah ku rufe wannan kwalba da kyau, ku mayar da ita cikin kwalinta, ku ajiye ta a ƙasan akwati inda rana da zafi ba sa isa, kada ku bar ta a taga ko a cikin mota, domin haske da zafi suna lalata turare. Ku nemi mai ƙamshin lemo ko wani mai sauƙi ku yi bazara da damina da shi, wannan kuwa ku bar shi sai Nuwamba ta zagayo.